Tambayar da Likita Ya Yi wa Baba

Shekarar da aka fara rage ma'aikata, Baba ya daɗe yana aiki a ɗakin kaɗa auduga na wata masaƙa a Kakuri. Ƙurar audugar ta bar masa asma. Yana da abin shaƙa a aljihu, amma ba ya fito da shi sai a ban-ɗaki, don ya lura masu ciwon ƙirji ake fara sallama.

Ni na raka shi asibitin ma'aikata ranar da jiri ya kayar da shi. Lokacin ina da aure, ina ɗinki a Makera. Likita ya auna shi, ya ce jininsa ya hau sosai, zai ba shi wata ƙwaya mai rage gudun zuciya. Kafin ya rubuta, ya tambaya ko yana da asma, ko yana shan wani magani.

"Babu," in ji Baba.

Likita ya dube ni, na sunkuyar da kai. Mun ɗauka abin da aka rubuta a kati yana kaiwa ofis, ga ƙannena biyar a makaranta.

Jirin ya tafi, har yana yabon maganin. Sai numfashinsa ya fara ƙara kamar usur. Yakan shaƙi abinsa sau uku, sau huɗu, ƙirjin bai buɗe ba. Na roƙe shi mu koma mu faɗi gaskiya, ya ce in bari a gama fitar da sunayen waɗanda za a sallama.

Da na kasa haƙuri na kai wa wata nas, maƙwabciyar su Baba a Unguwar Mu'azu, ambulan ɗin maganin. Ta karanta, ta ajiye tsintsiyar da take shara da ita. Ta ce irin wannan ƙwaya tana matse hanyar numfashin mai asma, tana kuma hana abin shaƙa aiki. Ba a yanke ta kai tsaye, likita ne zai canja.

"Yau za ki kai shi, ba gobe ba."

Na tarar ya riga ya tafi aiki. A can ya faɗi kafin azahar, kuma an daɗe kafin numfashinsa ya dawo.

Ya ƙara shekara biyu a kwance, ba magana. Kullum da safe nakan hau bas in je in ba shi koko, mu juya shi ni da Inna. Yakan bi ni da ido har bakin ƙofa. Ban taɓa sanin ko ya gane ni ba.