Na'ura Ba Ta San Babana Ba

Sau bakwai na'ura tana ƙin yatsan babana yau a wurin rajistar layin waya a Anka. Fasa dutsen zinari a Abare ya shafe zanen yatsan sumul. An rufe masa layi, alhali da shi ake sanar da shi in ɓarayi sun tare hanya.

Ma'aikacin ya ce, "Baba, na'ura ba ta san ka ba. Ka je ka huta da aiki har zanen ya dawo."

Baba ya ɗaga yatsan ya ce, "Ɗana, da wanga yatsa nid dangwala ƙuri'a, ba wanda yac ce in huta."

Madalla da ci gaba! Jama'a, wata nawa gidanmu zai haƙura da tuwo kafin na'ura ta gane shi?