Farin Wandon Kawuna

Har yau in na ji ƙamshin kindirmo a sabuwar ƙwarya, sai raina ya ɓaci, don yakan tuna mini da kawuna da farin wandonsa.

Mu 'yan ruga ne, can bayan Gbalahi. Kakata nono take sayarwa. Da shi ta raini kawuna, ƙanen mahaifiyata, har ya kama fataucin goro daga Kumasi, ya sayi lori, ya gina gidan kwano a unguwar Choggu. Shekarar da aka sauke tutar Bature, sai ya ce zai yi walima, ya gayyaci karatai, wato akawunan ofis masu taye a wuya. Burinsa ke nan a duniya, a ce shi ma nasu ne.

Lokacin zafi ne, shanu duk sun rame, amma kakata ta tara nonon safiya, ta dama fura da hannunta. Ta ɗora mini ƙwarya, muka tako da ƙafa, tana ta murna za ta ga gidan ɗanta.

Ka san al'adar garin nan. Yaro ba ya gaida babba a tsaye, durƙusawa yake yi, ko a cikin kasuwa ne, balle uwa. Muka shiga, garmaho na ta ihu, kawu na zaune a kujera cikin farin wando mai karin guga, yana kokawa da cokali mai yatsu. Karatan suna ƙyaftawa juna ido, suna cin kazarsa suna yi masa dariya. Ni yarinya ma na gani, shi bai gani ba.

Ya hango mu. Ya dubi ƙasa, ya dubi wandonsa, ya dubi baƙinsa. Wallahi ko motsi bai yi ba.

Wani karaci daga cikinsu ya toshe hanci ya tambaye shi ko wace ce wannan.

Kawu ya ce, "Mai kawo mana nono ce. Ku zaga ta baya."

Tir! Ni dai na ji kamar in kife masa ƙwaryar a ka. Kakata kuwa ta gyara zanenta, ta dafa kafaɗata, ta durƙusa a gabansa har ƙasa, tsohuwa da furfurarta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mun kawo nono."

Masu dafa abinci, matan unguwa, suka saki salati, wata ta rufe fuska da mayafi. Karatan kuwa suka ci gaba da tauna. Muka ajiye ƙwaryar muka juya. A hanya kakata ba ta yi kuka ba, sai dai ta ce in rage sauri, gwiwarta na ciwo.

Ba ta sake taka gidan ba. Ya aiko da atamfa, ta mayar. Ya aiko da buhun shinkafa, ta mayar. Abu ɗaya take jira, ya zo da kansa ya durƙusa, shi kuma kullum sai aike.

Yanzu yara na gaida ni daga kan babur, ko hula ba sa taɓawa, ban cika damuwa ba. Na ga wanda ya fi su.

Da damina kakata ta rasu. Karaci ko ɗaya bai zo ba. Da aka fito da ita za a kai makwanci, kawu ya zube a gaban makara, cikin taɓo da kashin shanu, yana kiran Inna, Inna. Ina tsaye a bakin bukka ina kallon wandon nan yana shan laka. Na ce a raina, ashe gwiwar tana lanƙwasuwa.