Dariyar Bakin Ƙofa

A wani dogon bene da ke bayan tashar jirgin ƙasa, can ƙarshen lungun hawa na sama, akwai wata mata da kowa ke kira Maman Shalele. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, tafukan hannunta sun yi fari fat saboda ruwan sabulu. A gidan wankin wani babban asibiti take aiki, tun safe tana cikin tururi da warin maganin wanki. Kullum gab da magariba za ka ji ta a ƙofar ɗakinta tana dariya ita kaɗai. Baƙo zai ce wannan baiwar Allah ba ta da damuwa. Maƙwabta kuwa sai su sunkuyar da kai su wuce.

Shekarar da ta haifi Shalele, a shekarar mijinta ya rasu, a shekarar kuma aka kafa dokar 'Yar Raino. 'Yar Raino wani ɗan akwati ne da ake mannawa a bango, da koren ido ɗaya a ɗaki, ɗaya a saman ƙofa. Duk uwar da ke fita aiki dole ta karɓa. Shi ke kulle ƙofa idan ta fita, shi ke rarrashin yaro da muryar uwarsa, kuma ba ya buɗewa sai ya ji wannan muryar ta yi sallama. In ya riƙa jin baƙuwar murya a ɗaki, idon sai ya koma ja, ma'aikatan hukuma masu farar mota su zo su tafi da yaron gidan kulawa.

Ranar da ma'aikaci ya zo ɗaukar muryarta, Shalele na kan cinyarta. Daidai lokacin da ta fara sallama jaririyar ta cafke mata hanci, dariya ta ƙwace mata. Ma'aikacin ya ce ko a sake? Ta ce a bari, ai sallama da dariya alheri ne.

Shekaru suka tafi. Tururin ya ci maƙogwaronta a hankali, har muryar ta dushe ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti. Ta cikin akwatin kuwa tana nan yadda aka ɗauke ta, ba ta gajiya, ba ta tari. Ita ta koya wa Shalele ƙirga, ita ta koya mata addu'ar shiga barci.

Wata rana ta dawo, ƙafafunta sun kumbura, ta yi sallama. Ƙofa shiru. Ta sake. Sai ta ji muryarta ta da daga ciki tana cewa, “Shalele, matsa daga ƙofa, ba mu san wannan ba.”

“Umma ce!” in ji yarinyar. “Ga takalminta nan ina gani ta ƙasa!”

Tsohuwar da ke ɗakin gefe, wadda ake kira Iya Mai Ɗinki, ta leƙo da zare a baki. “Ke 'yar nan, yau kuma ɗakinki ne ya yi miki yaji?”

“Iya, ya ƙi ni.”

“To ki je ofis mana su sake ɗaukar muryar.”

Maman Shalele ta girgiza kai. Ta san yadda ake yi. Kafin su ɗauka sai likitansu ya duba maƙogwaro. In ya ce akwai ciwo, gidan wanki ya sallame ta. Mara aiki ba a bar masa ɗaki a benen, mara ɗaki kuma ba a bar masa yaro.

Idon da ke saman ƙofa ya fara rikiɗa zuwa ruwan ɗorawa. Ta jingina goshinta da ƙarfen, tana ta kiran sunan Allah a zuci. Iya ta cire zaren daga baki ta ce, “Ni dai da wannan muryar taki ko kare na gani ba zan kora da ita ba, don sai ya zata ƙanwar uwarsa ce ke kira.”

Dariya ta kuɓuce wa Maman Shalele, irin wadda ke zuwa da hawaye, sallamar na cikin bakinta. Ƙofa ta yi ƙarar buɗewa.

A nan ta gane. In ta yi dariya muryar takan ɗan tashi sama, ta yi kama da ta ranar cafke hanci. Daga ranar ta mai da shi aiki. Takan tsaya a matakala ta kurɓi ruwan ɗumi daga 'yar gorarta, ta gyara mayafi, ta nemo abin dariya. In ta rasa sai ta ƙirƙiro. Ranar da injin matse kayan wanki ya kama yatsan abokiyar aikinta, da yamma ta tsaya a ƙofar ta yi dariya har sau uku kafin a buɗe mata, ta shiga ta yi alwala tana neman gafara.

A cikin ɗakin kuwa ta daina magana, don ba a yini ana dariya. In tana son Shalele ta ci abinci sai ta tura mata kwano. In za ta yi mata faɗa sai ta zare ido. Sallarta ma a ɓoye take karatun. Akwatin ne ke hira, ita tana zaune a gefen katifa tana jin kanta tana tambayar 'yarta yaya makaranta.

Abu ɗaya ya rage mata, shi ne kitso. Ranar hutunta takan zaunar da Shalele tsakanin ƙafafunta ta tsefe mata kai, ta ja aikin yadda zai daɗe.

A irin wannan zaman ne yarinyar ta ce, “Umma, fushi kike yi da ni?”

Ta girgiza kai.

“To me ya sa waccan Umman ce kawai take mini magana? Ita fa ba ta taɓa yin tari. Ni dai, ke nake so.”

Matsefin ya tsaya a hannunta. Ta dubi bango, idon yana nan kore. Ta jawo mayafinta ta lulluɓe kansu su biyu, ta kai bakinta daidai kunnen yarinyar, ta ce da wannan dusasshiyar murya, “Allah ya yi miki albarka, 'yata.”

“Ƙara, Umma.”

Ta cikin saƙar mayafin ta hango hasken ya fara sauya launi. Ta yi sauri ta yaye, ta ɗaga kai ta saki dariya, ta yi ta yi har idon ya koma kore. Shalele ba ta taya ta ba. Ta dai kwantar da kanta a gwiwar uwarta, aka ci gaba da kitso.