Tuwon Gidanmu

A unguwarmu ta Ƙofar Ran, yaro in ya fara tasawa ba ya cin abincin dare a cikin gida. Da an idar da sallar magariba kowa zai shiga ya ɗauko langarsa, a haɗu a kan tabarma a ƙofar gida, a jera langogin a tsakiya. Sai a buɗe ɗaya a cinye, a jawo ta gaba. Ciyayya ke nan. Dattawa suna da tasu tabarmar kusa da masallaci, mu samari tamu tana gindin wata dalbejiya. Saboda haka duk abin da aka dafa a gidanku, unguwa ta sani.

Ina wajen shekara goma sha biyar Inna, mahaifiyata, ta haifi 'ya mace, yarinyar ba ta daɗe ba ta koma. Ni kaɗai ne ɗan Inna da ya rayu. Mata suka cika gida da gaisuwa, sannan suka watse, kowa ta koma harkarta. Inna ba ta tashi ba. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai. Zama kawai take yi a bakin gado tana kallon bango, in ka yi mata magana ta ɗago ido kamar daga nesa aka kira ta.

Gidanmu ƙarami ne a ƙarshen lungu, babu kaka, babu matar kawu. Baba direban babbar mota ne, yana kai shanu kudu, sai ya yi makonni bai kwana a gida ba. Ranar da zai koma hanya ya tsayar da ni a zaure ya ce, "Ka sa ido a kan uwarka. In na dawo ba ta warware ba, sai dai a kai ta wajen 'yan'uwanta a nema mata magani."

'Yan'uwan Inna suna wani ƙauye can bayan Darazo. Na taɓa ganin yadda aka fitar da wata mata a layinmu, an rirriƙe ta, yara suna bin motar da ihu, kuma ba ta sake dawowa ba. A zauren nan na ƙudura a raina cewa babu wanda zai san halin da Inna take ciki. Hanyar da za a sani kuwa ita ce langa. In na fita babu abinci yau, na fita babu gobe, dole a tambaya. Shi ya sa na shiga madafa.

Ban taɓa riƙe muciya ba. Tun ina ƙarami ake kora ta daga gindin murhu, ana cewa ba wajen maza ba ne. Na sha ganin ana tuƙi, amma ban taɓa lura da yadda ake yi ba. Da la'asar sai in sa wa ƙofa sakata, in hura wuta, in jira ruwa ya tafasa, in ɗebo garin dawa in antaya a ciki. Nan take ya dunƙule. In yi ta fama da muciya, tukunya tana zamewa, tuwon yana tsalle yana ƙona mini hannu. Da na zo kwashewa sai ya manne a mara, sai in ajiye ta in mulmula da hannu. Miyar kuka ta fi sauƙi, ko da yake wata rana daddawa ta yi yawa, wata rana gishiri. In na gama sai in zuba wa Inna nata, in yi wanka, in sa riga mai dogon hannu, in shinshina jikina ko akwai warin hayaƙi, sannan in ɗauki langa in fita.

A tabarmarmu akwai ɗan gidan mahauta, wanda bakinsa ba ya hutawa. Shi ya fara.

"Kai, wa ya zuba tsakuwa a tuwon nan?"

"Ci ka yi shiru," na ce.

"Wallahi in ka jefi kare da wannan gudajin sai ya kai ƙara wajen mai unguwa. Ko Inna fushi take yi da mu ne?"

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, har na fi kowa. Na jawo langar gabana na ce, "To bari, ai ba dole."

"Wa ya ce ba zan ci ba? Dawo da ita nan, mutumina. Haƙora gare ni."

Suna ci suna tsiya, kuma suna cinyewa. Abin da ya fi damuna shi ne Inna suke yi wa dariya, matar da a da in ta yi tuwon biki har roƙon ƙanzonsa ake yi. Ina jin haka in haɗiye. A tabarmar nan akwai wani yaro da aka taɓa gani yana wanke-wanke a gidansu, aka shekara ana kiransa amarya. To ina ga wanda yake tuƙa tuwo?

A wannan shekarar na daina zuwa makaranta. Safiya ta zama ta neman itace, da kai niƙa, da lallashin Inna ta sha koko. Da farko ina cewa gobe zan koma, har na daina cewa. Sai yanzu da furfura na koma ajin manya ina ƙarasa karatun.

Amma a cikin watannin nan akwai abin da har yau nake kewa. Wata la'asar ina durƙushe ina hura wuta sai na ji motsi a bayana. Inna ce ta fito da kanta, ta kifa turmi a bakin madafa ta zauna. Na ci gaba da hura wutata, don kada in kore ta. Daga ranar kullum sai ta fito ta zauna tana kallona, hayaƙi yana ratsa tsakaninmu, 'yan talla suna wucewa a lungu suna kiran kayansu. Wata rana tuwo ya fara kamawa, sai na ji ta ce, "Wutar ta yi yawa." Na janye itace. Na yi kwanaki ina juya maganar nan a raina, ina cewa ai ga shi ta fara dawowa.

Baba ya zo sau ɗaya a tsakani, ya kwana ɗaya. Yana can gareji na gama girki. Da ya dawo daga tabarmar dattawa ya ce mini, "Hannun uwarka bai dawo ba tukuna. Amma tunda ta fara shiga madafa, alhamdu lillahi." Na ce alhamdu lillahi.

Abin da ya tona ni ƙarami ne. Langarmu iri ɗaya ce da ta gidan babban abokina, fara mai jan baki. Wata rana ruwan sama ya taso muna cikin ci, kowa ya zari tasa ya ruga. Sai da na shiga gida na ga ba tamu na ɗauko ba. Tamu ta tafi gidansu, da malmala guda da ba a taɓa ba.

Mahaifiyar abokin nawa masa take soyawa a zaurensu, duk unguwa Goggo muke ce mata. Da safe na je musanya langa na tarar da ita gaban tanda. Ta bari masu saye suka ragu, ta aiki abokina ɗebo ruwa, sannan ta jawo langarmu ta buɗe.

"Ɗan nan, wa ya tuƙa wannan?"

"Inna ce."

"Ni za ka gaya wa? Tun kafin a haife ka nake cin tuwon uwarka. Wannan ko talge ba a yi masa ba. Gari aka zuba a tafasasshen ruwa." Ta juya malmalar. "Ga shatin yatsu nan. Wace mace ce za ta kwashe tuwo da hannu ga mara a gida? Naɗe hannun rigarka in gani."

Na tsaya. Ta kama hannun da kanta ta naɗe. Ta daɗe tana kallon tabon ƙuna, sabo da tsoho, har masa ta fara ƙonewa a tanda.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan rasuwar."

"Innalillahi. Muna nan, katanga ɗaya tsakaninmu da lungunku, kullum in na aika a ce tana barci."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, "Goggo, don Allah kar ki gaya wa kowa. Tafiya za a yi da ita."

Ta ce, "Tashi. Samarin tabarmarku ba za su ji daga bakina ba. Jeka, ina nan zuwa."

Da la'asar ta zo da mayafinta. Ta zauna kusa da Inna tana ta ba ta labarin unguwa, ba ta damu da a amsa mata ba. Ta tsefe mata kai, ta wanke, ta yi mata kitso. Sannan ta shigo madafa ta nuna mini yadda ake dama gari da ruwan sanyi a zuba, a bari ya dahu kafin a kawo busasshen gari. Ta nuna mini a riƙa tsoma mara a ruwa. "Ka ga abin da ya hana ka barci," in ji ta, "ruwan sanyi kofi ɗaya." A daren ɗan gidan mahauta ya ce, "A'a, yau Inna ta huce!" Na yi murna ƙwarai, na ɗauka an gama.

Goggo ta yi ta zuwa. Amma Inna ba ta wuce bakin madafa ba, abincinta ma raguwa yake yi. Ranar da aka ce motar su Baba ta shigo gari, Goggo ta kira ni.

"Tuwo na koya maka. Wannan ciwon kuwa ya fi ƙarfina, ya fi naka. Zan yi wa ubanka magana."

"Kin ce ba za ki faɗa ba."

"Samari na ce. Kana so ka wayi gari ka tarar da ita babu rai, kai kaɗai a gida? Tana da uwa a raye, ɗan nan. Ita ma 'yar wani ce."

Na juya na tafi, na daɗe ban taka zaurenta ba. Yanzu da na haifi nawa na san abin da ta hango. A lokacin kuwa gani nake yi da an ƙara mini ko wata guda da Inna ta tashi.

Goggo ta yi wa Baba maganar, aka yanke a kai Inna ƙauyensu. Ba a rirriƙe ta ba, babu yaron da ya bi mota. Da sassafe Goggo ta ɗaura mata kaya, muka taka zuwa tasha, Baba a gaba, ni ina riƙe da ƙullin. Da ta zauna a mota ta miƙo hannu ta taga ta kama hannun rigata, ta riƙe har direba ya tayar. Ta samu sauƙi a can wajen kakata, har ta koma yin hira da 'yan ayyuka, ina zuwa gaishe ta duk sallah. Amma gidanmu na Ƙofar Ran ba ta sake kwana a cikinsa ba.

Ranar da ta tafi, da la'asar ta yi na tashi zan sa sakata, sai na tuna babu abin da zan ɓoye. Na zauna a tsakar gida har aka kira magariba, ban hura wuta ba. Bayan sallah ina jin ƙarar langogi daga gindin dalbejiya, na ce yau ba zan fita ba. Can sai na ji abokina yana kwaɗa sallama a zaure.

"Kai muke jira fa."

"Ba ni da langa yau."

"Wa ya tambaye ka langa? Fito, miya tana hucewa."

Na fita. Da na isa babu wanda ya ɗago ya kalle ni. Ɗan gidan mahauta ya matsa gefe ya ba ni wuri, ya turo mini tsokar da ke gabansa, ya ci gaba da yi wa wani tsiya a kan askinsa. Na sa hannu na ci, amma hankalina yana can cikin gida, wajen ɗakin Inna da na baro a buɗe.