Ƙanƙarar da Kaka ta shanya

A gidanmu, can gefen Buza, duk abin da ake so ya daɗe shanya shi ake yi. Tumatir, kuɓewa, ganyen albasa, kowanne yana da wurinsa a bisa soro, kuma Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce sarauniyar wannan aiki. Ina kewarta har yau, wallahi.

Shekarata ta biyu a lakwal, wato makarantar boko, malaminmu, da muke kira Mushe, ya ce ruwa yana da hali uku: ya zuba, ya daskare, ya tashi tururi. Na kawo zancen gida da rawar kai. Baba, wanda dama hannuna yake so a garkar albasa, ya ce ƙanƙara daga sama take faɗowa da damina, mutum bai iya yin ta.

"In ƙarya aka koya muku, kin gama lakwal. Ki nuna min da idona."

Na kai wa Mushe kuka. Ran kasuwa sai ga shi a kan moto, wato babur, daga Madawa, da ƙanƙarar firijo naɗe cikin buhu, ana tsakiyar bazara. Ya fasa mini dunƙule kamar curin fura. Na sheƙa gida, amma Baba yana garka sai la'asar. Na damƙa wa Kaka, na ce ta adana mini, na koma aji.

Baiwar Allah ta adana kuwa, yadda ta iya! Ta sa a kwano, ta ɗora bisa soro kusa da tumatir, inda rana ta fi kyau.

Da muka sauko da kwanon a gaban Baba, ɗan ruwa ne mai ɗumi a gindinsa, ko rabin ludayi bai kai ba. Na fashe da kuka, na riga na ga kaina cikin albasa.

Kaka ta murtuke fuska. "Kai, dube ni nan. Dutse ne ɗiyar ga ta ba ni, hannuna ya riƙa, har cizona ya yi don sanyi. Ni za ka ƙaryata?"

Baba ya daɗe yana juya kwanon. Sai ya kurɓe ruwan, ya goge baki.

"Gobe ki tahi da wuri," in ji shi. "Ki tambayo min Mushe inda sauran ya shiga."