Binciken da Hajiya Ta Yi wa Tan-tan

Shekarar da mahaifiyata ta ce za ta sayi motar noma, wato tan-tan, ni ɗanta na fari ma sai da na yi dariya. A Gwammaja aka haife ta, a nan ta yi aure, ko keke ba ta taɓa hawa ba. Sana'arta haɗa turaren wuta irin na mutanenmu na Barno. Amma ba wasa take ba.

Akwai gona a hanyar Bichi da mahaifinsu ya bar musu, ita da ƙanenta, Kawu. Gonar ta daɗe a kwance don an rasa 'yan ƙwadago, samarin ƙauyen sun shigo gari suna jan adaidaita sahu, masu yanka filaye kuma sun sa mata ido. Kawu ya zo har ɗakin Hajiya ya ce, "Yaya, in daminar bana ta wuce ba a noma gonar nan ba, sayarwa za mu yi." Kasonsa ya fi nata, kuma ba ta son a raba. Ta ce masa to.

Na ce mu ɗauki haya mana. Ta ce ta gwada bara, mai tan-tan ya yi ta cewa gobe har geron maƙwabta ya fid da kai. Sai ta sayar da gwala-gwalanta da wani shago da ta gada, ta aike ni in zagaya in gano mata.

Ni kuwa abin nema ya samu, don tun ina yaro nake son leƙen cikin inji. Na yi ta yawo wajen dillalai har na tsayar da guda uku. Ta farko sabuwa ce dal, da ɗakin direba na gilashi da na'urar sanyi, da wani allo da ke nuna inda ciwo yake in ta samu matsala. Ba ta shan mai sosai, sai dai in ta tsaya, dole a jira injiniya ya zo da kwamfuta. Ta biyu ma sabuwa ce, ga araha ga fenti mai ƙyalli, amma duk bakaniken da na tambaya sai ya ce bai taɓa buɗe irinta ba. Ta uku ta hannu ce, rufinta kwano, ƙararta kamar injin niƙa, kuma tana kwankwaɗar gas ba kunya. Na zo na zayyana wa Hajiya. Nan take ta raɗa musu suna, Amarya da Baƙuwa da Dattijuwa.

Ta saurari bayanina tsaf, har ta sa na maimaita mata maganar shan mai. Sannan ta ce, "To, ɗan nan, ka ji ta bakin masu sayarwa. Saura a binciki asali."

Ban gane ba sai da na ga ta fara halartar kowane biki da kowane suna, har na mutanen da rabonta da su an jima. Tun daga Ƙofar Na'isa zuwa Ɗan Agundi, duk gidan da ta ji maigidan yana da tan-tan, sai ta je da ɗan ƙullin turarenta. A cikin birni, in za a ba da 'ya, ba a tambayar saurayi halinsa, waɗanda suka zauna da shi ake tambaya, kuma haka ta yi wa motar noma. Mazan ba ta kula su ba, ta ce namiji ba ya kushe abin da ya saya da kuɗinsa. Matan ta nufa.

Ni ke kai ta in ɗauko ta, ina ɗokin jin abin da ta samo fiye da yadda nake ɗokin tuwon bikin. Wata ta ce mata tun da Alhaji ya sayi irin Amarya, damina ba ta yi sai ya yi mako yana kumbure-kumbure, yana jiran wani ƙarfe daga Legas. Wata ta ce irin Baƙuwa ce da su, yanzu kaji ne ke ƙwai a ƙarƙashinta. Matar wani mai irin Dattijuwa ta ce, "Hajiya, lalacewa kam tana yi, ba fashi. Amma da safe zai fita yana faɗa, kafin la'asar ya dawo yana dariya, don ba ƙarfenta da babu a kasuwar Ƙofar Ruwa."

Na yi mamakin yadda maganar matan ta zo daidai da ta bakanikai, alhali ba wadda ta taɓa ganin cikin injin. Duk da haka raina na kan Amarya, na yi ta kawo hujjar mai. Hajiya ta ce, "Mai ai sayensa ake yi. Ranar shuka fa, a wace kasuwa ake sayar da ita?" Dattijuwa muka saya.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙa, muka tafi gonar da direba daga ƙauyen. Hajiya ta shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, tana kallon garma na juya ƙasa, bakinta na motsi. An kusa rabi sai muka ji fas, baƙin mai ya yi tsiri, garma ta faɗi ta ƙi ɗagawa. Tiyon da ke ɗaga ta ne ya fashe.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga motar Kawu. Ba shi kaɗai ba ne, da wani dillalin filaye ya zo, da igiyar awo a hannunsa. Ashe bai taɓa zaton za ta iya ba. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji tausayin Hajiya, don a wannan halin ya same mu. Ita ko ta gaisa da su kawai.

Kawu ya taka cikin huɗar da farin yadinsa, takalminsa na nutsewa. Ya daɗe yana kallon ɓangaren da aka nome. Ya sunkuya ya damƙi ƙasa ya sansana, sannan ya juya ga direba.

"Me ya same ta?"

Direba ya kwance tiyon ya nuna masa. Kawu ya karɓa da hannunsa, man na ɗiga a gaban rigarsa.

"Ana samu a Ƙofar Ruwa?"

"Ana samu, Alhaji."

"To kar ka matsa ko'ina. Yau za a gama ta."

Ya shiga mota ya fige ta, bai ko waiwayi mutumin da ya kawo ba. Dillali ya tsaya da igiyarsa yana bin motar da kallo. Hajiya ta goge idonta da gefen mayafi, ta sa na shimfiɗa masa buhu a inuwa, ta ce, "Malam, zo ka zauna ka sha ruwa. In an gama huɗa mā rage maka hanya."