Mutumin da Na Rufe wa Ƙofa a Zighan

Mun tashi daga Tarabulus da asuba, raɓa ba ta bushe a gilashin mota ba, mu huɗu har da direba. Kwana biyu kafin nan na bar Kano, na yi ta sauya jirgi har ƙafafuna suka kumbura. Ga masu bibiyata da suka ishe ni da tambayar me ya kai ma'aikacin laburare Libiya, ga amsarku: wata kwaleji ce a Sabha aka rufe wa rumbunan mujallu na intanet da ɗalibanta ke bincike a ciki. Shugabar laburarensu ta san irin aikin da nake yi ke nan a wurinmu shekara da shekaru, don muna zaure ɗaya na ma'aikatan laburare a waya. Ita ta sa kwalejin ta gayyace ni na mako biyu. Zan kira ta Ustaza, haka kowa ke kiranta.

Tun kafin mu hau duwatsun Gharyan na gane zan sha shiru. Larabcina na littafi ne. Da na gaishe da abokan tafiyata, sai na gaba ya waiwayo yana dariya, ya ce wa direba yau sun ɗauko mai karanta labarai. Daga nan suka shiga hirarsu da Larabcin gida, mai sauri kamar ana zuba gero a kwano, ni kuma na koma kallon tukwanen ƙasa da kasake da aka jera a bakin titi. Bayan Mizda gidaje suka ƙare, itatuwa suka ƙare, sai hanya miƙaƙƙiya da tsakuwa hagu da dama. Abin da ke katse ta kawai shingen bincike ne, wanda suke kira bawwaba. A kowanne, takardun sauran akan leƙa ne a mayar, nawa kuwa a jujjuya shi, a dube ni, a sake dubansa.

A Shuwairif muka tsaya cin abinci. Aka kawo taliya da aka dafa da nama da barkono a tukunya ɗaya, mai romo, mai zafin da ya sa na tuna da 'yan Kurmi. Shayinsu a ƙaramin kofi yake, rabinsa kumfa, da gyaɗa soyayya a ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne man fetur. A arewacin ƙasar ya fi ruwan gora araha, amma muna nausawa kudu sai gidajen mai a rufe, ana sayar da shi a jarka a gefen hanya da tsadar da ke sa direba yin tsaki. Na ce a raina, ashe wannan ciwon ba namu ne mu kaɗai ba.

Rana na gab da faɗuwa muka shiga Sabha. Aka sauke ni a wani ɗaki a unguwar Abdulkafi, a saman shagon mai sayar da tayoyi. Gado ɗaya, kujera ɗaya, taga mai kallon bangon maƙwabci. Na yi sallar magariba ni kaɗai, na kira gida layin ya ƙi shiga.

Washegari Ustaza ta tarbe ni a laburare. Mace ce mai shekaru kamar hamsin, ba ta ɓata magana. Ta nuna mini wata takarda da aka manna a jikin bango kusa da injin hoto, an rubuta sunan shiga da kalmar sirri da babban alƙalami. Kalmar sirri ɗaya tal, ta kwalejin gaba ɗaya, kuma shekaru ba a sauya ta ba. Ɗalibai sun ba 'yan uwa, 'yan uwa sun ba abokai, har ta tsallake iyakar ƙasa. Kamfanin da ke da mujallun ya ga ana sauke takardu daga wurare barkatai a lokaci guda, sai ya rufe kusan komai, 'yan mujallu kaɗan kawai ya bari a buɗe.

"Ustaz," in ji ta, "ina da 'yan digiri na biyu da za su miƙa bincikensu ƙarshen zangon nan. Wasu sun sayar da gwal ɗin iyayensu mata sun yi karatun. Idan ba a buɗe ba, shekararsu ta tafi."

Aikin ba mai wuya ba ne, mai cin rai ne. Sai an kashe tsohuwar kalmar, a ba kowane ɗalibi da malami tasa, a haɗa ta da lambar rajistarsa. Sai a saita kwamfutar da ke tsaron ƙofa ta yadda wanda ke gida zai iya shiga, amma ta san ko wane ne. Sannan a rubuta wa kamfanin, a ba shi haƙuri, a nuna masa an gyara. Aka ba ni wani ɗan ofis a bayan kantocin littattafai. Kwana biyar ina ciki daga safe zuwa la'asar, abokin hirata ƙarar fanka, in wuta ta ɗauke kuma ƙarar janareta. Ma'aikatan na da kirki, sukan aiko mini da shayi da burodin tanderu, amma in na fito suka ga sai sun sassauta harshe domina, hirar sai ta mutu. Na daina fitowa don kada in ɓata musu.

Da yamma nakan taka zuwa wajen unguwar Sukra. Akwai Hausa a garin nan, a bakin masu tura baro, masu gyaran takalmi da direbobin manyan motoci. Sau biyu na yi sallama, aka amsa, aka dubi rigata da jakar kwamfutata, aka ja baya. Ban ga laifinsu ba. Wanda takardunsa ba su cika ba, ba ya sakin jiki da baƙon da ke yawan tambaya.

Cikin rajistar shige da fice na tsohuwar kalmar, wani layi ya riƙa tsaya mini a ido. Sauran masu shiga sukan kwashi takardu da yawa su fice. Wannan kuwa daga waya yake shiga, kullum bayan azahar, ya buɗe takarda ɗaya a kan cututtukan dabino cikin 'yan mujallun da aka bari, ya daɗe a kanta, gobe ya dawo kanta. Na ɗauka wani ɗalibin noma ne mai naci. Ran Laraba na kashe tsohuwar kalmar. Ran Alhamis da hantsi kamfanin ya buɗe. Na ji guɗa daga ɗakin karatun mata, Ustaza ta leƙo ta ce Allah ya yi wa iyayena albarka. Na koma ɗakina na ci burodi da kifin gwangwani.

Ran Juma'a direban kwalejin ya tausaya mini, ya ce in raka shi Zighan, ƙauyen kawunsa. Muka bi ta Samnu, rairayi ja a gefe, sai kwatsam kore ya bayyana, dabino a jere, ruwa na gudu a ƙananan magudanai. Bayan masallaci aka kawo fitat, wani burodi mai laushi da ake yayyagawa a jiƙa da miya. Na ci har na ji kunya. Da manya suka kishingiɗa, na zame na shiga gona.

Can cikin itatuwa na ji wani yana faɗa da jakinsa da Hausa tsantsa. Ban san lokacin da na ɗaga murya na yi sallama ba. Ya fito, dogo, da furfura a gemu, rawani ya sha rana. Sunansa Malam Mahaman, mutumin Damagaram, shi ke kula da gonar shekara tara.

"Lahiya lau, ɗan Najeriya. Me ya ɓatar da kai nan?"

Muka zauna a gindin dabino. Wallahi na manta rabon da in yi magana haka. Muka yi ta kilishi, ta damina, ta 'ya'yansa mata biyu da bai ga aurensu ba. Ya ce ya yi lakwal, wato makaranta, ta aikin gona a ƙasarsu, bai ƙarasa ba mahaifinsa ya rasu. Sai ya tashi ya janyo wani reshe ya nuna mini. Ganyen ya yi ɗige-ɗige, wasu ƙananan ƙwari sun manne a jiki, gefensa ya bushe.

"Ka ga abin da ke hana ni barci. Mai gida ya ce sakacina ne, in bana ta lalace in nemi wani shugul, wani aikin daban. Ni kuwa na kusa gano kansa. Ɗiyar ƙanwarsa da ke kwalejin Sabha ta ba ni wani kode, kalmar sirri, ina shiga ina karanta abin da masana suka rubuta. Turanci ne, waya ke juya mini shi zuwa Faransanci, layi-layi. Saura kaɗan in kai inda suka faɗi maganin da lokacin fesa shi, shekaranjiya na shiga, ƙofa a rufe. Ban san wane mara imani ya rufe ba."

Da na so, da na yi shiru, ba zai taɓa sani ba.

"Malam, ni ne. Aikin da ya kawo ni ke nan."

Ya dube ni, ya dubi reshen da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali. Na shiga bayani: kamfani, yarjejeniya, ɗaliban da shekararsu ke hannun Allah. Ya saurara har na gama.

"To ka buɗe mini ni ɗaya. Wa zai sani?"

A wayata a lokacin ina da ikon yin hakan cikin minti biyu. Shi ne mutum na farko da ya yi hira da ni kamar ɗan uwa a ƙasar nan. Amma na san kamfanin ya sa wa kwalejin ido, kuma da hannuna na rubuta cewa ba wanda zai shiga sai mai lambar rajista. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce, "Ba komai, Allah shi kyauta," ya kama jakinsa ya shige cikin itatuwa. Da za mu tafi, direba ya miƙo mini ƙullin dabino, ya ce mai kula da gona ne ya ce a ba baƙo. A mota ban iya cin ko ɗaya ba.

Asabar na wuni a ɗaki ina karanta yarjejeniyar kamfanin, shafi bayan shafi, irin karatun da ba wanda ke yi. Can wajen ƙarshe na samu sakin layin da ya ce wanda ba ɗalibi ba zai iya karatu, muddin ya zo da ƙafarsa ya zauna a kwamfutar cikin laburare. Ran Lahadi na kai wa Ustaza. Ta sa tabarau ta karanta sau biyu.

"Shekara nawa muna da wannan ba mu sani ba?"

Ta sa aka ware kwamfuta ɗaya kusa da ƙofa, aka ajiye littafin sa hannu na baƙi. Ta rubuta wasiƙa da hatimin laburare, da sunan Malam Mahaman, cewa mai karatu ne a wurinsu. Na aika ta hannun direba, na haɗa da saƙon baki. Direban ya dawo ya ce Malam ya karɓa, amma iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta ƙare, kuma tsakanin Zighan da Sabha akwai bawwaba.

Sauran kwanakin na koya wa ma'aikata biyu yadda za su buɗe wa sabon ɗalibi, su rufe wa wanda ya gama, su duba rajista duk mako. Ina koyarwa ina leƙen ƙofa. Litinin bai zo ba. Talata bai zo ba. Laraba na zauna a kujerar baƙin da kaina har aka tashi. Alhamis da asuba na bar Sabha, wannan karon a jirgi, ina kallon korayen ɗigo a cikin rairayi ina tunanin wanne ne nasa.

Na iso Kano ana yayyafi. Yara suka yi ta murnar tsaraba, uwargida ta ce na rame, na yi baƙi, kuma na koyo shiru. Kwana goma sha ɗaya da dawowata, ina ofis, saƙon Ustaza ya shigo. Hoto ne: bayan wani mutum mai rawani a gaban kwamfuta, hancinsa kusan a jikin gilashi, wata ɗalibar noma a tsaye nesa kaɗan tana nuna masa wani abu da biro. A ƙasa ta rubuta cewa mai gonar ne da kansa ya kawo shi a motarsa, kuma sai da suka yi da gaske kafin ya yarda ya shiga da takalmi, don ya cire su a bakin ƙofa. Ko dabinon zai tashi, ban sani ba. Shi bai kira ni ba, ni ma ba ni da lambarsa.

Abin da na koyo ba mai yawa ba ne. Kulle ƙofa aikina ne, kuma gobe ma zan kulle, don in ba a kulle ba kowa ne zai rasa. Amma shekarun nan duka ina share layuka a rajista ban taɓa tambayar wane ne a bayansu ba. Da safiyar Litinin na ciro yarjejeniyoyin laburarenmu daga kabad, na kaɗe su, na fara daga shafin ƙarshe. Uku daga ciki suna da irin wancan sakin layin. Na sa an kawo tebur an ajiye kusa da ƙofa.